Ganga da Kuɗin Haya: Muhawara Kan Makomar Unguwar Harlem

Ɗan Zangon Kumasi:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai maganar da ta daɗe tana damuna, kuma ina roƙon waɗanda suka fi ni sani su yi mini gyara duk inda na kauce. Shekarata ashirin da uku ina tuƙa tasi a birnin New York. Gidana yana yankin Bronx, amma da wuya rana ta fito ta faɗi ban ratsa Harlem ba, wato tsohuwar unguwar baƙar fata ta birnin, domin gada kawai ce tsakaninmu. Ranar Asabar da ta wuce na ɗauki ƙaramin ɗana na kai shi lambun shaƙatawa na Marcus Garvey, don ya ga masu kaɗa ganga da ke taruwa a can kowace Asabar da zarar sanyi ya tafi. Al'ada ce da ta faro tun wajen 1969, kuma har yau za ka tarar da dattawa masu furfura da samari da mata masu rawa, wasu jikokin bayin da aka kawo Amurka ne, wasu daga tsibiran Karebiyan, wasu kuma 'yan Afirka ta Yamma irinmu, kowa da gangarsa a gabansa.

Ina tsaye ina kallo sai idona ya kai kan sabbin benayen da ke bakin lambun, na tuna rigimar 2007 da 2008, lokacin da wasu daga cikin waɗanda suka sayi ɗakuna masu tsada a wurin suka yi ta kai ƙara cewa kiɗan yana hana su sakewa, har aka riƙa matsar da makaɗan daga wannan gefe zuwa wancan. Wani dattijo da na zanta da shi ya ce mini a titin da ke bayan lambun aka haife shi, amma yanzu sai ya yi tafiyar awa guda a jirgin ƙasa kafin ya iso da gangarsa, saboda kuɗin haya ya fi ƙarfinsa. Tambayata ita ce: idan gidan wasa na Apollo yana nan da fitilunsa, titunan suna ɗauke da sunayen jagororin neman 'yancin baƙar fata irin su Malcolm X da Frederick Douglass, amma mutanen da suka raya unguwar sun watse, shin za a ce Harlem tana nan? Ni dai a ganina ginin ake adanawa, ana barin masu shi suna tafiya.

Malamin Tarihi na Zariya:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka taɓo inda yake yi mini ƙaiƙayi, domin na taɓa yin watanni ina bincike a ɗakin karatu na Schomburg da ke titi na 135. Abin da zan fara ƙarawa shi ne maganar haya ba baƙuwa ba ce a tarihin Harlem, ita ce ma ta buɗe wa baƙar fata ƙofar unguwar. Turawan Holan ne suka kafa ƙauyen a 1658, kuma har ƙarshen ƙarni na 19 fararen fata ne ke zaune a cikinsa. 'Yan kasuwa sun yi ta gina benaye suna jiran jirgin ƙarƙashin ƙasa da aka buɗe a 1904, gidajen suka yi yawa, masu haya suka yi kaɗan. Wani dillalin gidaje baƙar fata mai suna Philip Payton ya ga wannan dama, ya kafa kamfani a wannan shekarar, ya riƙa karɓar gidajen da suka rasa masu shiga yana zuba 'yan uwansa a ciki. Bayan haka ne babbar ƙaurar nan ta biyo baya, wadda ta kwaso dubban ɗaruruwan mutane daga jihohin kudu, suna gudun wariyar launin fata da kisan gilla da aikin gonar auduga da ba ya fitar da kowa daga bashi.

Da yake sauran unguwannin birnin ba sa karɓarsu, masu gidaje sun san ba su da wurin zuwa, sai suka tsawwala musu haya fiye da yadda ake karɓa a hannun fararen fata. Daga nan aka samu abin da ake kira bikin haya. Idan ƙarshen wata ya matso babu kuɗi, sai iyali su ture kujeru gefe, su dafa kaza da wake da ganye irin na kudu, su buga ƙananan katuna su raba a titi, su gayyato mai kaɗa fiyano, duk wanda zai shiga ya biya kimanin senti 25 a bakin ƙofa. A irin waɗannan ɗakuna ne James P. Johnson da Fats Waller suka goge, suna gasa da juna har asuba. Wato kiɗan da duniya take alfahari da shi a yau ya girma ne a falon talakan da ke tsoron a watso masa kaya waje. Saboda haka ina tare da kai, Malam, cewa fasahar Harlem daga cikin gidajen zama ta fito, kuma idan gidajen suka kuɓuce, tushen ya taɓu.

Hajiyar Kasuwar 116:

Sannunku da ƙoƙari, malamai. Ni ban yi zurfi a boko ba, amma tun 1998 nake sayar da atamfa da turaren wuta da man kaɗanya a kasuwar Malcolm Shabazz da ke titi na 116, don haka ina da abin cewa. Yayana ne ya riga ni zuwa daga Maraɗi, yana cikin waɗanda ke kasa kaya a gefen titi na 125, Hausawa da Zabarmawa da 'yan Senegal da Mali, kafin a tashe su a 1994 a mayar da su wannan fili da ke ƙarƙashin kulawar masallacin nan mai koren tulluwa.

Malam Ɗan Zango, ban ƙi maganarka gaba ɗaya ba, amma ina jin tsoron kada mu ƙawata abin da ba shi da kyau. Ni na ga Harlem ta wancan lokaci da idona. Na ga benaye a ƙone an toshe tagoginsu da katako, na ga matasa da ƙwaya ta cinye suna tangaɗi a bakin tashar jirgi, kuma idan magariba ta yi sai mu tattara kaya mu tafi a ayari saboda tsoro. Kantin da za ka sayi kayan miya masu kyau ma sai ka yi tafiya. Yanzu mace tana iya dawowa daga aiki da dare ita kaɗai, an gyara lambuna, yara suna wasa a inda a da ba wanda zai bar ɗansa ya taka. Maƙwabciyata, wata tsohuwa da kakanninta suka zo daga Karolina da ke kudancin Amurka, ta sha gaya mini cewa shekara talatin suna roƙon a kawo musu waɗannan gyare-gyare. Shin don mu ci gaba da jin ganga za mu so a bar mutane cikin wancan hali?

Sannan kada mu manta mu ma baƙi ne. Lokacin da muka cika titi na 116 da shagunan kitso da gidajen abinci har aka sa masa suna Ƙaramar Senegal, akwai 'yan asalin unguwar da suka ga kamar mun ƙwace musu wuri. Hausawa sun ce baƙo raɓa ne, to mu ba mu zama raɓa ba, mun zauna mun hayayyafa. Da wane baki za mu ce wa wani baƙon kada ya shigo?

Baba na Damagaram:

Ina biye da ku daga nan gida, kuma ban taɓa taka Amurka ba, sai dai 'ya'yana biyu suna can. Hajiya ta yi magana mai nauyi. Ni abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ake jimamin gidajen rawa da kiɗa kamar su ne ginshiƙin al'umma. A sanina, abin da ke riƙe unguwa shi ne wurin ibada da makaranta da zumunci. Idan masallatai da majami'u suna nan, yara suna karatu, mene ne abin baƙin ciki don an rushe gidan rawa? Ba gardama nake nema ba, fahimta nake so.

Malamin Tarihi na Zariya:

Allah ya ƙara girma, Baba. Tambayarka tana kan hanya, kuma amsarta tana cikin halin da mutanen nan suka tsinci kansu. A ƙasar da doka da al'ada suka hana baƙar fata shiga otal da gidan abinci da wurin wasa, ƙofar da aka buɗe masa ya shiga da mutuncinsa ta wuce wurin nishaɗi kawai. Misali biyu za su nuna bambancin. A wancan zamani gidan rawa na Cotton Club yana tsakiyar Harlem, Duke Ellington ya yi kiɗa a cikinsa daga 1927 zuwa 1931, masu kiɗa da masu rawa duk baƙaƙe ne, amma kujerun kallo na fararen fata ne, mahaifiyar makaɗi ma ba ta da tabbacin za a bar ta ta zauna. Ƙasa kaɗan da shi a kan titin Lenox kuma akwai Savoy, wanda aka buɗe a 1926, inda baƙi da fari suke shiga ta ƙofa ɗaya, kuma mai wankin kwanuka da ya iya taka rawa ya fi attajirin da bai iya ba daraja. An rufe Savoy a 1958 aka rushe shi, yau sai allon tunawa kawai za ka gani a wurin.

Kuma a Harlem ba a raba ibada da waɗannan abubuwa da wuƙa ba. Cocin Abyssinian, wadda aka kafa tun 1808 ta kuma koma titi na 138 a 1923, ta ciyar da dubban mutane a lokacin karayar tattalin arziki ta shekarun 1930, kuma daga mumbarinta Adam Clayton Powell ƙarami ya jagoranci ƙaurace wa shagunan titi na 125 da ke karɓar kuɗin baƙar fata amma ba sa ɗaukarsu aiki, kafin a zaɓe shi majalisar wakilai a 1944. Mawaƙa da dama a ƙungiyar waƙar coci suka fara buɗe murya. Zauren Renaissance da ke kusa da cocin nan kuma, a cikinsa ake bikin aure da taron ƙungiyoyi, a kan daɓensa ne kuma ƙungiyar ƙwallon kwando ta baƙaƙe zalla da aka kafa a 1923 take buga wasa kafin a fara rawa, ita ce ta ci gasar ƙwararru ta duniya ta farko a Chicago a 1939. An rushe wannan zaure a 2015, duk da ƙorafin mazauna unguwar. Wuri ɗaya ne ya haɗa aure da siyasa da wasa, Baba, shi ya sa rushe shi ya yi wa mutane ciwo.

Hajiya kuma ba ta yi ƙari ba game da wahalar da ta gani. A 1990 wasu likitoci biyu sun wallafa binciken da ya nuna cewa namiji a Harlem bai kai namijin Bangladesh damar kaiwa shekara 65 ba. Babu mai hankalin da zai yi kewar wannan.

Ɗalibar Jami'a:

Ina gaishe da iyayena duka. Ku gafarce ni idan Hausata ta yi rauni, a nan aka haife ni, a bakin mahaifiyata na koye ta. Na tashi a titi na 118, kuma ina so in faɗi abin da na gani a matsayina na wadda ta yi makaranta da 'ya'yan unguwar.

Gaskiya ne manyan cibiyoyin suna nan da ransu. Har yanzu ana gasar sababbin mawaƙa a Apollo, gasar da Ella Fitzgerald ta ci a 1934 tana da shekara 17, kuma har yanzu mai hawa dandamali yana shafa wani kututturen bishiya da ke wurin don neman sa'a kafin ya fara, 'yan kallo kuma ba sa jin kunyar yi wa wanda ya gaza ihu har a fitar da shi. Makarantar rawar bale, wato rawar dandamali irin ta Turai, da Arthur Mitchell ya fara a wani garejin mota a titi na 152, bayan kisan Martin Luther King ya girgiza shi, ta zama ƙungiyar da ke zagaya duniya, kuma ƙawayena biyu sun yi karatu a cikinta. A Schomburg, wanda ya samo asali daga littattafan da wani ɗan Puerto Rico ya tara saboda an taɓa gaya masa yana yaro cewa baƙar fata ba su da tarihi, a can na fara ganin rubuce-rubuce kan daulolin Afirka ta Yamma, kuma a ƙarƙashin daɓen zaurensa aka binne tokar marubuci Langston Hughes.

Amma, Hajiya, ki duba su wa ke cika waɗannan wurare a yau. Ranar Lahadi manyan motocin 'yan yawon buɗe ido ne ke yin layi a ƙofar majami'u, baƙi daga Turai da Asiya su hau bene su kalli masu ibada, alhali kujerun ƙasa suna raguwa saboda iyalan da ke zama a kansu sun koma Bronx, ko kuma Georgia da Karolina, wato jihohin da kakanninsu suka baro. A cikin 'yan ajinmu na firamare, waɗanda iyayensu ke nan har yanzu ba su kai rabi ba. A 2017 ma wasu dillalan gidaje sun yi yunƙurin laƙaba wa kudancin unguwar sabon suna don ya fi jan masu kuɗi, sai da mazauna suka tashi tsaye aka janye. Gyaran da tsohuwar maƙwabciyarki ta roƙa shekara talatin ya zo, amma jikokinta ba za su iya kama ɗaki a titin da aka gyara ba.

Akwai kuma abin da nake roƙon iyayenmu da ladabi. Na sha jin wasu daga cikinmu suna kiran baƙaƙen Amurka da sunan raini, suna hana 'ya'yansu mu'amala da su. Dokar shige da fice ta 1965 da ta sauƙaƙa wa 'yan Afirka zuwa ƙasar nan ta biyo bayan gwagwarmayar da waɗannan mutane suka zubar da jini a kanta ne. Masallacin da Hajiya ta ambata ma su suka kafa shi, muka zo muka tarar da sahu a tsaye.

Ɗan Zangon Kumasi:

Allah ya yi miki albarka, 'yata, kin faɗi abin da na kasa tsarawa. Hajiya, wallahi ba na kewar ƙwaya da gobara, domin ni ma an taɓa ɗora mini bindiga a wuya a cikin motata a shekarun farko. Kuma ban ce kada baƙo ya shigo ba. Bambancin da nake gani shi ne mu da muka zo mun tarar da ganga mun zauna kusa da ita, wasunmu ma suka ɗauko tasu, ba mu kira hukuma a kanta ba. Alaƙar ma ta girme mu. Kwame Nkrumah ya yi zama a Harlem lokacin karatunsa a Amurka tsakanin 1935 da 1945, yana sauraron masu jawabi a bakin titi, kuma da ya dawo a 1958 a matsayin firaministan Gana, unguwar ta fito ta tarbe shi. Malcolm X kuma bayan aikin hajjinsa a 1964 ya je Ibadan, ɗalibai Musulmi suka raɗa masa suna Omowale, wato ɗa ya dawo gida.

Baba, ga misalin da nake jin zai kwanta maka. Babban ɗana a filin Rucker da ke titi na 155 ya koyi ƙwallon kwando. Wanda aka sa wa filin sunansa, Holcombe Rucker, ma'aikacin lambunan birni ne da ya fara haɗa gasar yara don ya janye su daga titi, yana duba sakamakon jarabawarsu kafin ya bar su su buga, kuma ta hanyarsa ɗaruruwa suka samu tallafin shiga jami'a. Manyan 'yan wasa irin su Wilt Chamberlain da Kareem Abdul-Jabbar sun buga a gasar. Wanda ya horar da ɗana wani tsoho ne da ba a biyansa ko sisi, yana zaune a benen da ke kallon filin, yana kuma sanin duk yaron da ya yi fashin makaranta. Irin wannan mutum ne nake tsoron a rasa. Ana iya sake shafa wa filin fenti kowace shekara, amma idan tsohon ya koma wata jiha, wa zai leƙo ta taga ya kira yaro da sunansa?

Malamin Tarihi na Zariya:

Wannan ya kawo mu kan mallaka. Mafi yawan mutanen Harlem, tun zamanin Payton, 'yan haya ne, masu gidajen suna zaune a wasu wurare, kuma bankuna sun daɗe suna ƙin ba da rancen sayen gida a unguwannin baƙar fata. A shekarun 1970 da 1980 masu gidaje da yawa sun gudu sun bar benayensu saboda bashin haraji, birni ya gaje su. A wasu benayen mazauna sun haɗa kai, suka koyi gyaran tukunyar ɗumama ɗaki da tattara kuɗi da kansu, daga baya birni ya sayar musu da kowane ɗaki a kan dala 250. Da yawa daga cikin tsofaffin da suka tsira a unguwar a yau, ko dai a irin waɗannan benaye suke, ko a gidajen gwamnati, ko a ɗakunan da doka ta ƙayyade yadda za a ƙara musu haya. Saboda haka ina ganin Hajiya da Ɗan Zango ba su yi nisa da juna ba, sai dai ban yarda cewa halin sabon maƙwabci ne kawai matsalar ba. Ko da duk sababbin zuwa suna son ganga, muddin farashin ɗaki ya ninka, mai gangar zai tashi.

Hajiyar Kasuwar 116:

Malam, a nan kam ka taɓa ni, domin hayar ɗakina ta kusa ninkawa cikin shekara goma, kuma shagunan kitso da na sani a titinmu sun rufe an mayar da su wuraren shan kofi. Yayana ya taɓa ba mu shawara mu haɗa adashi mu sayi bene guda tun yana da sauƙi, muka ce ai gida za mu koma, kowa ya riƙa aika kuɗinsa yana gini a Maraɗi da Yamai. Yanzu gidajen suna can a kulle, 'ya'yanmu kuma nan suka sani. Duk da haka ban janye maganata ta farko ba: kada a ce wa matar da ta rayu cikin tsoro wai da can ya fi. Ke kuma 'yata, na karɓi gyaranki game da sunan rainin nan, ni ma bakina ya sha furta shi, kuma zan kiyaye.

Baba na Damagaram:

Na gamsu da bayanin filin ƙwallon fiye da na gidan rawa, ba zan ɓoye muku ba, amma na fahimci abin da Malam yake nufi da ƙofa ɗaya. Zan kira 'ya'yana yau in tambaye su ko sun taɓa kai jikokina ɗakin karatun nan. 'Yata ɗaliba, ana biyan kuɗi ne kafin a shiga?

Ɗalibar Jami'a:

A'a, Baba, kyauta ne, domin reshe ne na ɗakin karatun jama'a na birnin, kuma tashar jirgi ta titi na 135 tana bakin ƙofarsa. Idan sun amince, ni zan raka su ranar Asabar mai zuwa, mu biya ta rumfar Hajiya bayan azahar, daga nan tafiyar 'yan mintuna ce a ƙafa zuwa lambun da Kawu Ɗan Zango ya fara maganarsa, kuma masu gangar sukan kai har faɗuwar rana.